Auna tsawon fokas na lensi: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban Fiziks, malamansu, masu haɗa tabarau da masu ɗaukar hoto suka fi yi game da auna lensi. A duk bayanin, lensi mai ƙundu shi ne wanda tsakiyarsa ta fi gefensa kauri, yana tattara haske. Mai kwarmi kuwa tsakiyarsa ce siririya, yana baza haske. Harafin f yana tsaye a madadin tsawon fokas.

Mene ne tsawon fokas, kuma daga ina ake fara auna shi?

Idan haske ya taso daga wuri mai nisan gaske, zare-zarensa suna isowa a jere, ba sa bazuwa ba sa tattaruwa. Lensi mai ƙundu yakan karya su ya haɗa su a ɗigo guda, wannan ɗigon shi ne fokas. Gano fokas ba wuya: farin kati da ido sun isa. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗaya bakin awon. Rula tana da kai biyu, ɗaya a kan fokas, to ɗayan fa? A fuskar gilashin ta gaba, ko ta baya, ko tsakiya?

Babu ko ɗaya daga cikinsu. Tsawon fokas na gaskiya ana auna shi ne daga wani shafi da ba a gani, inda za a iya ɗauka cewa a nan ne duk karyewar hasken ta auku. A nan za mu kira shi tushen awo. Kowane lensi yana da guda biyu, na gaba da na baya, kuma masanin lissafi ɗan Jamus Carl Friedrich Gauss ne ya fayyace lissafinsu a 1841. A lensin da ɓangarorinsa biyu suke da ƙundu iri ɗaya, tushen awon suna cikin gilashin, tazarar da ke tsakaninsu kusan sulusin kaurinsa ce. A lensi mai gefe ɗaya shafaffe, tushe ɗaya yana daidai kan tsinin ƙundun, ɗayan yana ciki. Ɗauki irin wannan lensi mai f na milimita 100 da kaurin milimita 3.6 a tsakiya: daga shafaffen gefen zuwa fokas milimita 97.6 za ka samu. Rularka lafiya lau take, daga wurin da ka fara awon ne aka samu giɓin milimita 2.4.

Shi ya sa hanyoyin da suka fi inganci ba sa dogara da nisan da ke tsakanin gilashi da allo. Suna auna yawan matsawar da aka yi, ko girman hoto, abubuwan da ba ruwansu da inda tushen awo ya ɓuya.

Mece ce dangantakarsa da lambar da ake rubutawa a takardar tabarau?

Lambar tabarau ƙarfin lensi ce, ana ƙirga ta da diyofta, ma'aunin da likitan ido ɗan Faransa Ferdinand Monoyer ya gabatar a 1872. Ƙarfi shi ne 1 a raba da f, f ɗin a mita. Lensi mai +2.00 fokas ɗinsa yana santimita 50, mai +4.00 santimita 25, mai −0.50 kuwa mita 2 ne da alamar ɗebewa saboda mai kwarmi ne. Gilashin ƙara girma da aka rubuta wa 10× yana da f na wajen milimita 25, domin ana raba 250 da f ne a sami wannan lambar.

Wace hanya ce ta fi sauri?

Ka tsaya cikin ɗaki nesa da taga, ka fuskantar da lensin waje, ka riƙe farin kati a bayansa kana matsar da shi har hoton wata bishiya ko turken wuta ya fito tar, a kife. Nisan lensi da kati ya kusa f, amma kullum yakan ɗara shi kaɗan. Ƙarin, a matsayin kaso na f, kusan f ne a raba da nisan abin. Lensi mai santimita 15 da aka auna da ƙarafan tagar da ke mita 3 zai ba da 15.8, kuskuren kashi 5 cikin 100 ke nan. Da bishiyar da ke mita 30 zai ba da 15.08. Muddin ana son kuskuren ya gaza kashi 1 cikin 100, sai nisan abin ya ninka f sau 100.

Rana ta wuce duk wannan matsala, amma tana da nata sharaɗin. Hotonta ba ɗigo ba ne, da'ira ce mai faɗin kusan f a raba da 108, wato lensi mai +1.00 zai zana da'irar wajen milimita 9 a nisan mita 1. Gefen da'irar za ka duba ya fito a yanke, kada ka tsaya neman wuri mafi haske. Ka yi a kan siminti ko dutse, domin kati yana kamawa da wuta cikin daƙiƙoƙi, kuma kada a kuskura a kalli rana ta cikin lensi ko da na ƙiftawar ido.

Wannan hanya ta share fage ce. Da ita ake sanin inda za a jera kaya a sauran hanyoyin.

Yaya ake yin awon abu da hoto, irin na jarrabawar gwaji?

Shi ne wanda ɗalibai suka saba haɗuwa da shi a gwajin Fiziks na WAEC da NECO. Ana buƙatar akwatin fitila mai ƙaramar huda da aka gicciya wa siraran wayoyi biyu, mariƙin lensi, farin allo da rula mai mita ɗaya. Nisan abu zuwa lensi shi ne u, na lensi zuwa allo v, kuma 1/f = 1/u + 1/v, ko a taƙaice f = uv/(u + v).

Kafin komai, tsakiyar hudar da tsakiyar lensi da tsakiyar allo su kasance a tsayi ɗaya, lensin kuma ya fuskanci hudar sak. Ka zaɓi u tsakanin 1.5f da 3f. Ga lensi mai santimita 15, u na 22.5, 25, 30, 40 da 45 za su ba da v na 45, 37.5, 30, 24 da 22.5. In ka matso ƙasa da haka hoton zai yi girma ya dushe, allon zai yi ta tafiya ba ka ga bambanci ba. In ka ja da nisa sosai v ba ya wani sauyawa, awo biyar za su zama kamar awo ɗaya.

Idan aka zana 1/v a kan 1/u, miƙaƙƙen layi ne mai gangarar −1, yana yanke gefen giraf biyu a 1/f. Yankan biyun in suka saɓa, akwai kuskuren da ke bin dukkan awon, galibi alamar mariƙin ce ba ta yi daidai da tsakiyar gilashin ba. Akwai kuma wani sauƙi da ba kowa ya lura da shi ba: a inda u da v suka zo daidai, wato 2f kowanne, kuskuren alamar mariƙi yana kashe kansa, abin da ya ƙaru a u shi ya ragu a v. Awon da ke kusa da nan shi ya fi cancantar a yarda da shi.

Me madubi yake ƙarawa?

Yana mayar da ɗaki ɗan ƙarami tamkar fili mai nisan da ba iyaka. A ajiye shafaffen madubi a bayan lensi, a riƙa matsar da hudar mai haske. Lokacin da hudar ta zauna daidai a fokas, hasken zai fita daga lensi a jere, madubi ya dawo da shi a jere, lensi ya sake tattara shi a inda ya fito. A ɗan karkata madubin ƙiris don hoton ya sauka a gefen hudar, a kan farin katin da ke kewaye da ita. Hoton zai zo a kife, girmansa daidai da na abin. Nisan madubi da lensi bai shafi sakamakon ba.

Akwai tarko a nan. Fuskar lensin ta baya ita ma tana maido da ɗan haske, tana ba da wani hoto mara ƙarfi kusa da rabin f a lensi mai ƙundu biyu. Ɗalibai da yawa wannan suke kamawa su rubuta. Gwajinsa: sa tafin hannu tsakanin lensi da madubi. Hoton gaske zai ɓace, na bogi zai tsaya.

In babu fitila, a kwantar da madubin a tebur, a ɗora lensin a kai, a maƙala fil a kwance a samansa. Ka leƙo daga sama da ido ɗaya, kana ɗaga fil ɗin kana sauke shi har tsininsa ya taɓa tsinin hotonsa, kuma in ka kaɗa kai dama da hagu su tafi tare ba su goce wa juna ba. Sai a auna daga tsinin zuwa saman lensi, a auna zuwa madubi, a ɗauki matsakaicin biyun. Idonka ya kasance aƙalla santimita 25 sama da fil ɗin, in ba haka ba ba za ka ga gocewar da kyau ba.

Mece ce hanyar Bessel, kuma me ya sa ake fifita ta?

Friedrich Bessel, masanin taurari na Jamus, ya bayyana ta a 1840. Ana kafe abu da allo a tazarar D da ta wuce 4f, ba a sake taɓa su. Lensin kaɗai ke tafiya. A tsakanin za a sami wurare biyu da hoto ke fitowa: kusa da abu, inda hoton babba ne, da kusa da allo, inda yake ƙarami. Tazarar da ke tsakanin wuraren biyu ita ce d, kuma

f = (D² − d²) / 4D

Misali, D santimita 80, d santimita 40: 6400 a cire 1600 saura 4800, a raba da 320, f ya zama 15.

Fifikonta shi ne d matsawa ce. Ko alamar mariƙin ta kauce wa tsakiyar gilashi da rabin santimita, kaucewar tana cikin karatu na farko tana cikin na biyu, wajen ɗebewa sai ta fita. A misalin nan, kuskuren milimita 2 a d yana jawo rabin milimita ne kawai a f. Na D kuwa kusan sulusinsa ke shiga f, don haka a auna D daga ainihin wayoyin hudar zuwa fuskar allo, ba daga gindin mariƙansu ba. Sanda mai tsini biyu da aka san tsawonta ta fi rula amfani a nan: a taɓa wayoyin da tsini ɗaya, allon da ɗaya tsinin, a ga abin da ma'aunin benci, wato rular da aka jera kayan a kai, ya nuna, a san gyaran da za a riƙa yi.

Zaɓin D yana da muhimmanci. Tsakanin 4.5f da 6f ya fi. In D ta matso 4f sosai, wuraren biyu suna neman haɗewa, hoton zai zauna kamar mai kyau a tsawon santimitoci, ka rasa inda za ka tsaya. In ta yi yawa, ƙaramin hoton ya zama ɗigo, babban kuma ya dushe. Wanda ya zagaya da lensi daga farko har ƙarshe bai ga hoto ko ɗaya ba, D ɗinsa ba ta kai 4f ba.

Wajen tsayar da kowane wuri, kada ka nemi "mafi kyau" kai tsaye, ido yana yaudara. Ka taho daga hagu har hoto ya fara fitowa, ka rubuta. Ka wuce, ka dawo daga dama har ya fara fitowa, ka rubuta. Tsakiyarsu ka ɗauka. A maimaita sau biyar a kowace D, a sauya D sau uku ko huɗu.

To lensi mai kauri fa, ko wanda aka haɗa da gilasai da yawa?

Bessel ta kawar da matsalar alamar mariƙi, amma ba ta kawar da tazarar da ke tsakanin tushen awo biyu ba. In wannan tazarar h ce, D − h ya kamata a sa a gurbin D. Lensi mai kaurin milimita 9 yana da h na wajen milimita 3, sai misalin ɗazu ya koma 14.91 maimakon 15.0. A makarantar sakandare wannan ba abin damuwa ba ne. A lensin kyamara, inda h kan kai santimitoci, sakamakon ya lalace. Ana iya auna d a D biyu mabambanta a warware lissafin a fitar da f da h tare, amma akwai hanyar da ta fi tsabta.

Ita ce ta Ernst Abbe, wanda ya yi aiki da kamfanin Carl Zeiss a garin Jena. A kafe lensin. Abin da za a haska ya zama ma'auni mai zane, misali layi biyu da ke milimita 10 tsakani. A auna girman hoton a raba da girman abin, shi ne ninki, m. Sai a matsar da abin da wata tazara da aka sani, a sake neman hoto, a sake auna m. Tsawon fokas shi ne tazarar matsawar a raba da bambancin 1/m na farko da na biyu. A ce hoton farko milimita 5.0 ne, 1/m ya zama 2. An matso da abin milimita 150, hoto ya koma milimita 20.0, 1/m ya zama 0.5. A raba 150 da 1.5, f milimita 100 ne. Ba a taɓa gilashin da rula ba ko sau ɗaya. Daga nan ma an gano tushen awo na gaba, domin u = f(1 + 1/m), wato yana milimita 300 daga inda abin ya fara tsayawa.

Sai dai an sauya wahala ne da wahala. Kuskuren milimita 0.1 a ƙaramin hoton nan yana jawo kusan kashi 3 cikin 100 a f. Rula da ido ba za su iya ba, sai madubin ƙara girma mai tafiya a kan ma'aunin baniya, wato ma'auni mai karanta gutsuren milimita, ko a sauke hoton kai tsaye a farantin kyamarar da aka cire wa lensi a ƙirga fiksil.

Yaya ake yi a ɗakunan gwajin masana'antu?

Galibi da kolimeta, wato bututu mai kyakkyawan lensi da aka san f ɗinsa, an kafa ma'auni mai zane daidai a fokas ɗinsa, hasken yana fitowa a jere. Lensin da ake gwadawa zai tattara hasken ya zana hoton ma'aunin. Sai a ninka f na kolimeta da girman hoto, a raba da girman zanen. Kolimeta mai milimita 500, zane mai milimita 10, hoto mai milimita 2.00: f milimita 100 ne. Kolimetar ta fi lensin da ake gwadawa tsawon fokas nesa ba kusa ba, kuma bakinta ya fi nasa faɗi.

Ɗaya hanyar ta juyi ce. Ana ɗora lensin a kan faifan da ke juyawa dama da hagu, a kansa kuma akwai layin da lensin ke zamewa gaba da baya. A juya faifan kamar digiri 5 kowane gefe ana kallon hoton. In ya gudu gefe, a zamar da lensin kaɗan a sake. Akwai wuri guda da hoton zai tsaya cak duk da juyin: a nan sandar juyin ta ratsa cibiyar lensin ta baya, wadda a cikin iska take daidai da tushen awo na baya. Daga sandar zuwa hoton shi ne f. Kaucewar milimita 2 daga wannan wuri tana sa hoton ya gudu wajen milimita 0.17, abin da madubin ƙara girma ke nunawa ƙarara. Kada a yi mamaki in cibiyar ta faɗo a waje da gilashin. A lensin kyamara mai jawo nesa takan kasance a gaban lensin, cikin iska, shi ya sa gangar jikinsa ta fi f ɗinsa gajarta.

Lensi mai kwarmi ba ya sauke hoto a allo. Yaya za a yi da shi?

Mafi sauƙi, a manna shi da mai ƙundun da ya fi shi ƙarfi, a auna su a haɗe, a ɗebe. Mai ƙundu +10.00, haɗin ya ba da santimita 20, wato +5.00, to mai kwarmin −5.00 ne, f ɗinsa santimita −20. Sharaɗin su taɓa juna. Ko ratar milimita kaɗan tana ƙara wa haɗin ƙarfi, lissafin ya karkace.

Wadda ta fi ta: a fara sauke hoto da mai ƙundu shi kaɗai, a rubuta inda allo yake. A saka mai kwarmin tsakanin lensin da allon, a ce santimita 10 kafin allo. Hoto zai dushe, a ja allon baya har ya dawo, a ce yanzu yana santimita 20 daga mai kwarmin. Sai a ninka 10 da 20 a raba da 10 − 20, a sami −20.

Akwai kuma dabarar da ba ta buƙatar wani lensi. A huda kati wuri biyu, milimita 20 tsakani, a ɗora a kan lensin yadda tsakiyarsa za ta faɗo tsakanin hudojin, a fuskanci rana. Ɗigo biyu na haske za su sauka a allo, suna ƙara rabuwa yayin da ake ja da shi. Inda tazararsu ta kai milimita 40, ninki biyu, nisan allon shi ne tsawon fokas.

A wurin haɗa tabarau da me suke aunawa?

Da na'urar lensimita. A cikinta akwai lensi tsayayye da zane mai haske da ke tafiya gaba da baya. Ana jingina tabarau daidai a fokas ɗin lensin na ciki, kuma wannan tsarin ne ya sa tafiyar zanen take daidai wa daida da ƙarfin tabarau: in na cikin +25.00 ne, kowace diyofta milimita 1.6 ce. Abin da take aunawa nisa ne daga fuskar gilashi ta baya, wadda ke kallon ido, domin shi ne ya shafi mai sakawa. A gilashi mai kauri da ƙarfi sosai wannan ya bambanta da f na gaskiya.

Kurakuran da aka fi yi uku ne. Rashin daidaita wurin leƙawa da idon mai awo kafin a saka gilashi, rashin duba cewa na'urar tana nuna sifiri in babu komai, da jingina gilashin a karkace, wanda ke ƙirƙiro silindar da babu ita, wato bambancin ƙarfi tsakanin wata fuska da wadda ta gicciye ta. In akwai silinda ta gaske, layukan zanen ba sa fitowa tare: kashi ɗaya a −2.00 misali, ɗaya kashin a −3.25, bambancin −1.25 shi ne silindar.

In babu na'ura, akwatin gilasan gwaji ya wadatar. Ka riƙe lensin kana kallon wani layi mai nisa, ka kaɗa shi gefe da gefe. A mai kwarmi layin yana bin hannunka, a mai ƙundu yana saɓa masa. Ka riƙa haɗa shi da kishiyarsa daga akwatin har motsin ya tsaya. Gwani yakan kusanci gaskiya da rubu'in diyofta.

Ba za a iya auna lanƙwasar gilashin kawai a yi lissafi ba?

Ana iyawa, da ma'auni mai ƙafa uku da sukurun tsakiya. In tazarar ƙafafun a ce, tsayin ƙundun kuma h, to R = a²/6h + h/2, sannan 1/f = (n − 1)(1/R₁ − 1/R₂), inda n take nufin lambar karya haske ta gilashin. Raunin hanyar yana wurin n. Wanda ya ɗauka 1.50 ce alhali 1.52 ce ya yi kuskuren kashi 4 cikin 100 tun bai fara ba. Haka ɗan agogon awon lensi mai tsini uku da masu tabarau ke sawa a aljihu: an tsara shi ne a kan gilashi mai n ta wajen 1.523. In ya nuna −4.00 a kan robar folikabonet mai 1.586, ƙarfin gaskiya −4.48 ne. Tsinayensa kuma suna karce roba.

Zan iya gane f na lensin kyamarata ba tare da benci ba?

Ƙwarai. Ka miƙe tef ɗin awo na mita 2 a bango, ka kafa kyamara a nisan mita 10 tana fuskantarsa sak. Nisan daga farantin ɗaukar hoto ake auna shi, wanda yawancin manyan kyamarori ke nuna wurinsa da alamar da'ira mai layi a tsakiya a saman jikinsu. Tef ɗin ya faɗo a tsakiyar hoto, domin gefe yana da miƙewa da lanƙwasa. A faranti mai faɗin milimita 23.5 da fiksil 6000, kowane fiksil milimita 0.00392 ne. In mita 2 ɗin sun ci fiksil 2577, hoton milimita 10.1 ne, m ya zama 0.00505, kuma f = Dm/(1 + m)², inda D take mita 10 ɗin, yana ba da milimita 50.

Lambar da ke jikin lensi ta abu mai nisan gaske ce. Lensin da ke daidaita fokas ta motsa gilasan cikinsa yakan rage f in an matso kusa, wani lokaci da yawa. Lambar da ake tallata kyamarar waya da ita, kamar milimita 26, kwatance ce da babbar kyamara, ainihin f ɗin 'yan milimitoci ne.

Na bi komai daidai, amma sakamakona yana yawo da milimita biyu ko uku. Me ya sa?

Fara da launin fitila. Gilashi ya fi karya shuɗin haske a kan ja. A gilashin BK7, n tana 1.5224 a shuɗin haske mai zangon nanomita 486, tana 1.5143 a jan haske mai 656. Lensi mai milimita 200 yana da fokas ɗin shuɗi wajen milimita 3 kusa da shi fiye da na ja, don haka da farar fitila babu fokas guda da za a kama: hoton zai yi jan baki a gefe ɗaya na fokas, shuɗin baki a ɗaya gefen. A sa koren mataci, ko a yi amfani da ƙwan LED kore. Masu ƙera lensi sukan faɗi zangon da suka yi awo da shi, galibi 587.6 ko 546.1 ko 632.8.

Na biyu faɗin baki. Hasken da ya bi ta gefen lensi yana haɗuwa kusa fiye da wanda ya bi ta tsakiya, f kuma na tsakiyar ne. A rufe lensin da baƙin kati mai huda da faɗinta ya kai kusan f a raba da 10. Kada a matse fiye da kima: a wannan faɗin, zurfin wurin da hoto ke zama tar kusan milimita 0.1 ne kowane gefe, in aka rage hudar da rabi sai ya ninka sau huɗu. Lensi mai gefe ɗaya shafaffe kuma a juya ƙundunsa wajen da ya fi nisa, abu ne ko allo.

Sauran ƙananan abubuwa ne da ke taruwa: lensin da ya karkace a mariƙi yana gajarta fokas, bakin rular katako da ya cinye yana cin milimita guda, kallon ma'auni daga gefe yana ƙara wani. A lokacin hunturu ƙura takan rufe gilashi ta dusar da hoto. A hure ta tukuna kafin a goge, don ƙurar tana da yashi, gogewa a bushe karce ne.

In bayan duk wannan sakamakonka ya tsaya a wuri ɗaya amma ya saɓa wa abin da aka rubuta a kwali, mai yiwuwa kai ne da gaskiya. Kamfanonin kayan gwaji sukan ba da rangwamen kashi 1 ko 2 cikin 100 a lensi mai kyau, na makaranta mai araha kuwa yakan wuce haka. Lensin da aka rubuta wa santimita 15 ya ba ka 14.7 sau goma a jere ta hanyar Bessel da ta madubi, to ka rubuta 14.7 a jikin mariƙinsa, haɗe da launin fitilar da ka yi awon da ita.